Bin Sawun Kakan da Ya Tafi Biɗa

Da wuya ka shiga gida a Tawa, ko Kalfu, ko Tamaske, ko wani ƙauyen Adar cikin duwatsun Keita, ka tarar ba su da mutum a waje. Wani yana Abijan, wani Kumasi, wani Legas ko Libiya. Waɗannan ana jin muryarsu a waya, saƙonsu kuma na isowa kafin shuka. Amma kusan kowane gida yana da wani na daban, wanda ya tafi biɗa tun zamanin da ake taka Gwanja da ƙafa, ya yi aike shekara biyu ko uku, daga nan shiru. Can kuma a ɗaya gefen akwai saurayin da aka haifa a Treichville ta Abijan ko zangon Kumasi, an gaya masa kakansa Ba'adare ne, iyakar saninsa ke nan. Domin irin wannan gida da irin wannan saurayi aka yi wannan rubutu.

Jikokin Jamusawan da suka ƙaura Amurka sun samu abin a sauƙaƙe. Tashar jiragen ruwa ta Hambug ta rubuta sunayen fasinjojin da suka fita ta wurinta daga 1850 zuwa 1934, da shekarunsu da garin da kowa ya fito, majami'un ƙauyukansu kuma na riƙe da littattafan haihuwa da aure na ɗaruruwan shekaru. Ɗan Adar ayari ya bi, ko ya ƙetare ta Ƙonni da sandarsa babu mai tambayarsa takarda. Wanda ya ɗauka zai buga suna a intanet kakansa ya fito, wahalar banza zai sha. Takardu akwai su, sai dai domin karɓar haraji da ɗibar soja da masu aikin tilas aka rubuta su, kuma gari-gari aka tsara su, ƙarƙashin mai gari da sarkin kanto. Don haka a wannan aiki gari ake bi. Suna shi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina.

Fara da masu rai

Takarda za ta jira ka, tsohuwa kuwa ba ta da tabbacin baɗi. Ka sayi goro da sukari da ganyen shayi, ka fara da mafi tsufa a dangi, musamman mata, domin su ne ke riƙe da lissafin wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wace ce aka kai wane gari. Sai dai ka san da kara. Matar mutum ba za ta kama sunan mijinta ba, uwa ma ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kuma in ka matsa sai ta yi dariya ta sauya magana. Sunan yanka wurin ƙanwarsa ake samu, ko wurin abokin wasansa, wanda ba ya jin nauyin kowa.

Kowa ka same shi shi kaɗai. In ka tara tsofaffi wuri guda, babbansu ne zai yi magana, saura su gyaɗa kai ko da sun san ba haka aka yi ba. Ka nemi izini kafin ka kunna wayar ɗaukar murya. Kada ka buɗe da «a wace shekara ya tafi», domin tambayar ba ta da amsa a wurinsu. Ga irin wadda ke buɗe baki: «Gwaggo, ran da Baba zai tafi, wa ya raka shi bakin gari? Su wa suka tafi tare?» Ba'adare ba ya tafiya shi kaɗai. Da ƴan garinsu yake tashi, a gidan ɗan garinsu yake sauka, sana'ar da suke yi can ita yake kamawa, ko talla ce, ko dako, ko fawa, ko sayar da albasa. In ka samu sunan mai masaukinsa ka yi rabin aikin, domin baƙo na iya ɓacewa, amma gidan mai masauki sananne ne a zango har jikoki.

Sauran tambayoyin da suka cancanci zama na musamman su ne wa ya kawo saƙonsa na ƙarshe, me ya aiko, wa ya ci gaba da noman gonarsa, kuma in ya bar mata, wane malami ko alƙali ya raba auren da ta gaji da jira. Maganar gona tana da ƙarfi ƙwarai. Mutane kan manta fuskar mutum, amma ba a manta iyakar gonarsa da wanda aka ba ta riƙo.

Mutum ɗaya, suna uku

Mafi yawan waɗanda za ka nema suna da sunan yanka, da sunan da gida ke kiransu, da wanda ya hau takarda. Wanda aka raɗa wa Abubakar ana kiransa Garba, Ibrahim ya zama Iro, wani kuma duk rayuwarsa Nomau ne ko Anaruwa ko Tanko, har ƴaƴansa ba su san akwai wani sunan ba. Magatakardan Faransa ya rubuta Mahamadou ko Mamane, na Ingilishi a Sakkwato ko Kumasi ya rubuta Mamman, garin da muke kira Tawa kuma Tahoua ne a wannan takarda, Tawa a waccan. Kowane suna ka jera duk yadda za a iya rubuta shi kafin ka shiga ofis.

Ga wata matsalar. A Nijar sunan uba ne ke bin sunan ɗa, saboda haka kowane tsatso suna na biyu yana sauyawa: Isufu Garba ya haifi Hasan Isufu, shi kuma ya haifi Ali Hasan. Babu sunan iyali ɗaya da za ka riƙe kamar igiya ka bi. Ban da haka, yaron da ya tashi hannun kawunsa sau da yawa da sunan kawun aka rubuta shi a lakkwal, masu gida kuma kan ɓoye wasu daga cikin iyalinsu ranar ƙidaya don rage kuɗin haraji. Rashin ganin mutum a rajista bai nuna ba ya garin ba.

Yadda ake sa wa labari shekara

A nan ne gwanintar take, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Tsoho ba zai ce 1969 ba, amma zai ce shekarar da Busiya ya kori baƙi daga Gana. Aikinka shi ne ka shiga da jerin manyan abubuwan da kowa ya shaida, ka riƙa tambayar kafin ko bayan.

Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta watsa garuruwa da yawa. An soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka a Afrilun 1946, don haka wanda aka ce ya gudu Najeriya saboda aikin hanya, kafin wannan shekara ya tafi. Mulkin kai ya zo ranar 3 ga Agustan 1960, rikicin Sawaba ya yi tsanani a 1964, Kunce ya kifar da Jori ranar 15 ga Afrilun 1974 ana tsakiyar fari. Yunwar da aka laƙaba wa sunan Buhari ta 1984 zuwa 1985 ce, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta, kuma a 1984 ɗin aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda mata suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa domin mazan suna waje. Matar Keita da ta ce «ina goyon wance muka fara aikin duwatsu» ta ba ka shekara ke nan.

Kuɗi ma agogo ne mai kyau. Ka tambaya wane irin kuɗi mutumin ya aiko. Gana ta bar fam ta koma sidi a 1965, Najeriya ta koma naira a Janairun 1973, an karya darajar sefa a Janairun 1994. Hannun tuƙi ma haka: wanda ya ce da ya isa Legas motoci hannun hagu suke bi, kafin Afrilun 1972 ya isa. A Gana sai Agustan 1974 aka sauya hannu.

Shekarun kora kuwa su ne inda sawu ya fi ɓacewa. Dokar korar baƙi ta Gana ta fito a Nuwamban 1969, gwamnatin Shagari ta yi tata a Janairun 1983, yaƙin Kodibuwa ya tashi a 2002, na Libiya a 2011. A kowace irin wannan shekara mutane da yawa ba gida suka dawo ba, ƙasa ta gaba suka wuce, wani saboda kunyar komowa hannu wofi. In labarin mutuminka ya yanke a Kumasi wajen 1969, kada ka yi saurin cewa ya rasu. Ka tambaya ina ƴan ɗakinsu suka nufa, Abijan ko Lome ko Ibadan.

Daga adakar gida zuwa fada

Kafin ka kashe kuɗin mota, ka roƙi a buɗe maka tsohuwar adaka. Abin da ake nema shi ne katin iyali na biyan haraji, tsohon katin ɗan ƙasa, katin lamba na matafiya, rasiɗin kuɗin da aka aiko ta gidan waya, ambulan mai hatimi, wasiƙun ajami, da kasakasan da ƴan biɗa suka riƙa aikowa da muryarsu kafin zuwan wayar hannu. Kowane hoto ka juya bayansa, domin masu ɗaukar hoto na bakin teku kan buga hatimin shagonsu da sunan gari. In gidan malamai ne, a duba gefen shafukan littattafai da bangon farko, inda wasu malamai kan rubuta ranar haihuwa da rasuwa da lissafin Hijira. Ka ɗauki hoton komai a wurin, ka mayar wa mai shi a hannunsa. Takardar da aka ara daga tsohuwa ba kasafai take komawa ba, kuma daga ranar ƙofar ta rufe ga duk mai tambaya na gaba.

Daga nan sai mai gari. Ka je tare da dattijon gidanku, a yi gaisuwa yadda ta kamata, a bar shi ya fara tambayar abin da ke tafe da ku. «Ranka ya daɗe, asalin gidanmu muke nema, ba maganar gona ba ce.» Wannan jimla ta ƙarshe wajibi ce, domin a Adar duk wanda ya zo yana tambayar kakanni, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne ƙarar gado. Wasu masu gari da fadojin kanto, irin na Keita, Tamaske, Kalfu ko Bambai, na iya kasancewa da tsofaffin littattafan ƙidaya, inda aka jera masu gida da matansu da ƴaƴansu. A can za ka ga ɗan rubutu a gefe da Faransanci cewa wane ba ya nan, ko ya rasu, ko ya koma wani gari. Magatakardan fada shi ne mutuminka.

Maroƙan fada ma a saurare su. Sun haddace jerin sarakuna, wanda zai ba ka ma'aunin «zamanin sarki wane». Sai dai maroƙi sana'arsa yabo, kuma wanda ya yi masa kyauta mai kauri ba ya rasa kaka jarumi.

Meri, kotu, da Yamai

Rajistar haihuwa ba ta kai ga yawancin talakawan karkara ba sai a baya-bayan nan. Abin da akasarin iyayenmu suka riƙe shi ne takardar kotu da ake kira jugement supplétif, wadda ake yi wa mutum bayan ya girma, in zai shiga makaranta ko zai yanki katin tafiya. A kanta za ka ga «né vers» da wata shekara, wato kintace ne, wani lokaci ma an rage ko an ƙara da gangan. Kada ka fifita wannan shekara a kan maganar gwaggon da ta ce an haife shi damina biyu bayan Kakalaba. Amfanin takardar yana wurin sunan uba, sunan uwa, garin haihuwa, da shaidu, waɗanda galibi dangi ne ko maƙwabta, kuma zuriyarsu sabuwar ƙofa ce gare ka.

Ka lura da sauyin tsarin mulki. Da'irar Tawa ta zamanin Faransa ta zama jiha mai gundumomi a gyaran 1964, kuma ƙananan hukumomin karkara ba su fara aiki ba sai bayan zaɓen 2004. Takardar da ta girmi wannan lokaci, a tsohuwar hedikwatar gunduma ko a kotun da ta yanke ta ake nema, ko da garinku yana da merinsa yanzu.

Gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa yana Yamai. Abin da za ka nema a can shi ne rahotannin rangadi na kumandojin da'irar Tawa, da takardun ƙidaya, da bayanan da suka rubuta kan kowane kanto. Gaskiyar magana, in kakanka ba mai sarauta ba ne, ba soja ba, bai kuma shiga hannun shari'a ba, da wuya ka ga sunansa. Garinku za ka gani: shekarar da aka ƙirga shi, wa ke mai gari, maza nawa ba sa nan, yaushe wata unguwa ta tashi ta koma ƙasar Ingilishi don gudun haraji. Wannan ne ke ba maganar tsofaffi ƙashi. A cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai ka nemi littattafai biyu da suka fito a 1975, na Djibo Hamani kan Adar kafin zuwan Turawa, da na Nicole Échard kan tarihin manoman Adar, wanda aka gina kan labaran kafuwar garuruwa daga bakin mutanensu. Cibiyar tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, kuma a Yamai ɗin akwai CELHTO mai tattara tarihin baka. Ga masu bin hanyar Gwanja, binciken da Jean Rouch ya wallafa a 1956 kan ƴan ci-rani a can yana bayyana hanyoyin da aka bi da sana'o'in da kowace al'umma ta kama.

Soja shi ne wanda takarda ta fi riƙewa. In a gidanku akwai wanda Faransa ta ɗiba, ka nemi littafinsa na soja ko wata takardar fansho, ka kwafe lambarsa da shekarar ɗaukarsa. Fayilolin sojojin ƙasashen da Faransa ta mulka suna cibiyar ajiyar takardun ma'aikatan soja da ke garin Pau, kuma ana rubuta musu wasiƙa da waɗannan bayanai tare da shaidar dangantaka. Waɗanda suka mutu a yaƙin duniya ana iya duba su kyauta a shafin Mémoire des hommes, amma sai ka gwada rubutun sunan iri-iri. Rahotannin da gwamnan Nijar ya riƙa aikawa sama suna Dakar, da kwafinsu a Aix-en-Provence. Wanda kakansa ya yi fatauci zuwa Togo ko Kamaru kafin 1914 kuwa, takardun wancan zamani da Jamusanci suke, a Lome da Yawunde da Balin, sai ya nemi mai karanta masa.

Abin da za ka iya tonowa

In ka ci gaba da ja baya, za ka bar tambayar ina suka tafi ka shiga ta daga ina suka zo. Adar matattara ce. Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya karɓe ƙasar daga hannun Kabi a 1674, kuma daga gare shi sarakunan Adar na Illela suka fito. Akwai zuriyar Azna da suka riga shi, akwai waɗanda suka gangaro daga Abzin, akwai Fulani da Abzinawan Azawak. Iyakar da ta raba mu da Sakkwato ma ba a tsayar da ita ba sai da yarjejeniyoyin 1904 da 1906, don haka Adarawan Dundaye da kewayen Sakkwato na iya zama danginka na jini, kuma hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da gidan ajiya na Kaduna na cikin wuraren dubawa. Tsagar fuska, sana'ar gado, da waɗanda gidanku ke wasa da su duk alamu ne da suka girmi takarda.

Kusan kowane gida zai ce maka daga Gabas ya fito. Ka rubuta yadda aka faɗa, da sunan wanda ya faɗa, amma kada ka ɗora gini a kai. A gefe guda kuma, bincike kan kai ga abin da aka daɗe ana rufewa: kakan da bori yake yi, ko kakar da aka kamo a yaƙi, ko reshen da ya bar gari bayan dokar Faransa ta 1905 da ta hana cinikin bayi, ya je inda ba a san shi ba ya sake suna. A yankinmu maganar bauta ba tsohon labari ba ce, har yau tana hana aure. Abin da ka gano game da gidan wani, ba naka ba ne da za ka watsa a WhatsApp. Gwajin ƙwayoyin halitta da kamfanonin waje ke tallatawa kuwa zai ce maka kai ɗan Afirka ta Yamma ne, abin da ka riga ka sani, ba zai nuna maka ƙauye ba.

Ɗaya bakin hanyar

Da ka haɗa sunayen mutumin, garinsu, mai masaukinsa da kimanin shekara, sai ka juya ga inda ya sauka. Kusan kowane babban ƙauye na Adar yana da ƙungiyar ƴan gari a Abijan, kuma saƙon murya ɗaya da aka tsara da kyau, aka sa a zaurensu na waya, kan yi aikin da wata guda na yawo ba zai yi ba. Ka faɗi sunan gidanku da unguwarku, sunayen mutumin duka, da wanda ya tafi tare da shi. A zangunan Gana a fara da sarkin zango da liman, sannan tsofaffin da ke wankan gawa, domin su ne suka san baƙon da aka binne da wanda ya tsaya masa. Mai nema daga can zuwa nan shi ma haka zai yi a juye: ya tattara duk sunan wuri da kakansa ya taɓa ambata, ko na rijiya ne ko na kasuwa ko na dutse, ya kai wa dattawan Adarawan garin da yake.

Duk abin da ka ji, ka rubuta shi da sunan mai faɗa da ranar da ya faɗa. Magana ba ta zama tabbas sai ta fito daga baki biyu da ba su ji daga juna ba, ko baki ɗaya da takarda. In biyu sun saɓa, ka ajiye su duka gefe da gefe. A zanen zuriya ka sa mata da garuruwan da aka kai su aure, ka yi kwafi uku ko huɗu ka raba wa rassan dangi.

In Allah ya sa an gano zuriyarsa, kada ka faɗa musu kai tsaye da waya. A aika dattijon da ɓangarorin biyu suka sani ya fara kai gaisuwa, a musanya hotuna, a gwada sunayen iyaye da kakanni ko sun dace, domin masu suna ɗaya daga gari ɗaya suna da yawa. Maganar gonar da mutumin ya bari a jinkirta ta har sai an ga juna, kuma in ta taso, a gaban mai gari da shaidu za a yi ta.